Sola Mai Fuska Biyu: Ribar Tana Hannun Ƙasar da ke Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan sola a 'yan shekarun nan, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, ya ji sabon kirarin da ake yi wa haja. Mai shago zai jingina faranti da bango, ya juyo maka bayansa, ka ga gilashi ne kamar gaban, ƙwayoyin silikon na leƙowa ta ciki, sannan ya ce: "Alhaji, wannan mai fuska biyu ne, gaba wuta baya wuta." Bai yi ƙarya ba, bayan farantin na iya mayar da haske lantarki. Sai dai rana ba ta duban bayan faranti. Galibin hasken da ke isa can sai ya fara sauka ƙasa, ƙasa ta shanye abin da za ta shanye, ta maido ragowar sama. Don haka wanda ya sayi irin wannan faranti dama kawai ya saya. Ko damar za ta zama wuta ko a'a, ya danganta da irin ƙasar da aka kafa shi a kai, da kuma tazarar da aka bari tsakaninsu.

Dabarar ta daɗe

Tun 1960 wani injiniya ɗan Japan, Hiroshi Mori, ya nemi rajistar ƙwayar sola mai karɓar haske ta fuska biyu. A shekarun 1970 Tarayyar Sobiyet ta gwada irinta a tashoshinta na sararin samaniya masu suna Salyut, inda doron duniya gaba ɗaya ke zama abin da ke maido haske, domin duniyarmu na mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken ranar da ke sauka a kanta. Waɗanda suka sauko da dabarar ƙasa su ne Antonio Luque da abokan aikinsa a jami'ar fasaha ta Madrid. A 1982 suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna ƙarin wuta na kashi 50 cikin 100, amma fa sai da suka shafe wurin da ke kewaye da farantin da farin fenti. Ke nan tun ranar farko an san cewa maganar fuska biyu maganar ƙasa ce. Kamfanin Isofotón da aka kafa a Malaga a 1981 ya ƙera irin waɗannan farantai, har aka kafa wasu a wani ƙauye na Senegal a cikin shekarun 1980, amma tsada ta hana su yaɗuwa.

Abin da ya dawo da su shi ne sauyin da aka samu a masana'antu. Da can ana lulluɓe bayan kowace ƙwaya da aluminiyam gaba ɗaya. Da aka koma fasahar da ake kira PERC, sai ya zamana ana iya barin siraran layuka kawai, haske ya samu hanyar shiga, ba tare da kuɗin ƙira ya ƙaru sosai ba. Yau galibin manyan farantan da ake ƙerawa masu fuska biyu ne, shi ya sa suka cika kasuwanninmu.

Amma bayan bai kai gaban ƙarfi ba. A farantin PERC yakan ba da kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da gaban zai bayar in an haska su daidai. A na wata fasahar da ake kira TOPCon wajen kashi 80 ne, a na wadda ake kira HJT kuwa yakan kai kashi 90 ko ya ɗan haura.

Kowace ƙasa da abin da take maidowa

Masana na auna rabon hasken da wuri ke maidowa, suna kiransa albedo. Awon ba shi da wuya: na'urorin auna haske biyu ake haɗawa baya da baya, ɗaya na duban sama ɗaya na duban ƙasa, a raba abin da ta ƙasa ta gani da abin da ta sama ta gani.

Sabuwar kwalta ce ta fi kowa rowa, wajen kashi 5 cikin 100 kawai take maidowa, in ta tsufa ta koɗe ta kai kashi 12 ko makamancin haka. Sauran hasken zafi yake zama, kuma duk wanda ya taka titi ba takalmi a watan Afrilu ya san inda ya tafi. Ruwa ma, duk da walƙiyarsa, ba ya maido kashi 10 idan rana na tsaka. Baƙar lakar fadama mai danshi ba ta yi nisa da su ba. Ɗanyar ciyawa na tsakanin kashi 20 zuwa 25. Tsohon daɓen siminti na tsakanin 20 zuwa 30, sabo mai haske ya fi haka. Busasshen rairayin hamada na maido kashi 30 zuwa 40. Farin fenti ko farar shimfiɗa, suna sabbi, kan kai 60 zuwa 80. A can ƙoli akwai sabuwar dusar ƙanƙara mai kashi 80 zuwa 90, wadda ta sa farantai masu fuska biyu suka yi suna a Kanada da arewacin Japan. Manhajojin tsara tashoshin sola, idan ba a gaya musu komai ba, kashi 20 sukan ɗauka.

Ido ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Silikon na amfani da wani yanki na haske da ke gaba da ja, wanda ɗan Adam ba ya gani, kuma ɗanyen ganye na maido wannan yanki sosai. Shi ya sa ciyawar da kake gani da duhu-duhu tana ba faranti fiye da yadda za ka zata. Jar ƙasa kuwa, saboda tsatsar ƙarfen da ke cikinta, tana shanye shuɗi da kore ta maido ja da abin da ke gaba da shi, don haka matsakaiciya ce, ba ta kai farin rairayi ba.

Kuma ƙasa ɗaya ba ta zama da fuska ɗaya duk shekara. Filin da ya yi fari fat da rani, ga busasshen kara ga rairayi, ruwan farko na sauka zai yi duhu, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa na iya rasa kusan rabin abin da take maidowa. Daga nan ciyawa ta rufe shi. Masanin yanayi Jule Charney ya yi magana a kan wannan a 1975, lokacin da yake neman dalilin farin Sahel: ya ce ƙasar da ta rasa tsirrai ta fi maido haske, kuma hakan na iya rage ruwan sama. Abin da ke damun masanin yanayi shi ne ke ƙara wa bayan faranti wuta, amma wannan ba hujja ba ce ta ƙwaƙule fili. Tsirarar ƙasa ƙura take tayarwa, ƙurar kuma a kan gaban farantin za ta sauka, inda ake samun wajen kashi tara cikin goma na wutar.

Inuwa: babbar matsalar yankinmu

A nan ne lissafin mutane da yawa ke ɓacewa. Ba duk hasken da ƙasa ta maido ke isa bayan faranti ba, domin farantin da kansa yana yi wa ƙasar inuwa. Ka shiga ƙarƙashin farantan famfon burtsatse da tsakar rana, ka jingina ƙeyarka kusa da bayansu ka dubi ƙasa. Abin da idonka ya gani shi ne abin da bayan ke gani. In farantan na kusa da ƙasa, inuwarsu ce za ta cika maka ido, sai ɗan haske can a gefe. In suna sama da kai, inuwar za ta zama ɗan murabba'i a tsakiya, ƙasa mai haske ta kewaye ta ko'ina.

Wannan ya fi shafar mu fiye da mutanen Turai. A Jamus rana na tafiya ƙasa-ƙasa, ana karkata faranti da digiri 30 ko fiye, bayansa na hango fili mai nisa. Kano kuwa tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato da Yamai wajen 13, Agadas wajen 17. Rana a tsakiyar kai take bi, don haka karkatar digiri 10 zuwa 15 ake yi. Faranti mai irin wannan kwanciya bayansa ƙasa yake kallo kai tsaye, kuma a lokacin da rana ta fi ƙarfi inuwarsa na nan daidai ƙarƙashinsa. A wurinmu, tsayi ba ƙarin ado ba ne, shi ne sharaɗin farko.

Wani bincike da masana na jami'ar Purdue da cibiyar NREL ta Amurka suka wallafa a 2018 ya fito da lamarin fili. Sun lissafa cewa in ƙasa na maido kashi 25 cikin 100 kuma farantin na dab da ita, ƙarin da ake samu bai kai kashi 10 ba a ko'ina a duniya. Amma in aka ɗaga abin da ƙasa ke maidowa zuwa kashi 50, aka kuma ɗaga farantin mita ɗaya, ƙarin na iya kaiwa kashi 30. Abubuwan biyu tare suke aiki, farar ƙasa a cikin inuwa ba ta da abin bayarwa.

Yawan farantai ma na da tasiri. Faranti guda a fili yana samun haske ta kowace kusurwa. In aka haɗa ashirin wuri ɗaya ba tazara, na gefe ne ke morewa, na tsakiya na kallon duhu. A manyan tashoshi kuma kowane layi na tare wa na bayansa, don haka faɗin hanyar da ke tsakanin layuka na shiga lissafi.

Sai rashin daidaiton hasken. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere aka ɗaura su, wutar da ta bi ta ɗaya dole ta bi ta saura, kamar ayarin raƙuma da ba ya wuce saurin wanda ya fi gajiya. In ƙarfen da aka ɗora farantin a kai ya gitta ta bayan wani layin ƙwayoyi, ko aka bar tarin waya na lilo a wurin, wannan layin zai ja sauran baya. Mai walda da ya saba da faranti mai fuska ɗaya zai gitta ƙarfe duk inda ya ga ya fi ƙarfi. A mai fuska biyu, ƙarfe ya kamata ya bi gefen firam, wayoyi a ɗaure su a jikinsa.

Mu yi lissafi

A ɗauka, don misali, hasken wat 1,000 na sauka a kan kowane murabba'in mita. Ƙasa mai maido kashi 20 za ta dawo da wat 200. A ce inuwa da yanayin kafawa sun cinye rabi, saura 100 suka isa bayan faranti. In ƙarfin bayan kashi 70 ne, daidai yake da an ƙara wat 70 a gaba, wato ƙarin kashi 7 cikin 100. A faranti mai wat 550, bai cika wat 40 ba. A kan tsohuwar kwalta, da wannan lissafi, wajen kashi 4 ne. A kan busasshen rairayi mai kashi 35, ya haura 12. A kan farin daɓe mai kashi 60, ya kai 21.

Wannan ne ya sa ake buƙatar karanta takardar faranti da natsuwa. Adadin wat da aka saba rubutawa na gaba ne kaɗai, an auna shi a hasken wat 1,000 da zafin digiri 25. Jadawalin da ke ƙasa mai nuna ƙarin kashi 10 ko 20 ko 25 ba alkawari ba ne, cewa yake "in har bayan ya samu haske kaza." Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta ɗauki wat 135 a matsayin hasken baya na gwaji, wanda a farantin PERC ke ba da ƙarin da bai cika kashi 10 ba.

Manyan tashoshi ma a nan suke. A Benban kusa da Aswan ta Masar, kamfanin Scatec ya kammala tashoshi masu megawat 390 da farantai masu fuska biyu a 2019. A Al Dhafra ta Abu Dhabi, tashar da aka buɗe a 2023 mai megawat 2,000 tana da farantai kusan miliyan huɗu irin waɗannan. Duk a kan rairayi suke, a ɗage, suna juyawa suna bin rana. Ƙarin da aka saba gani a irin waɗannan tashoshi ba ya yin nisa da kashi 5 zuwa 10, amma kashi 5 na megawat 2,000 tamkar ƙarin tasha ce mai megawat 100 ba tare da an sayi fili ba.

Shin a faranta ƙasar?

Tambayar da ke biyo baya ke nan, kuma amsarta ta kuɗi ce. Masu bincike na jami'ar Ottawa ta Kanada tare da NREL sun gwada farar shimfiɗa a ƙarƙashin layukan farantai masu bin rana, suka samu ƙarin da ya kai kashi 4.5 cikin 100, suka kuma gano cewa shimfiɗar ta fi amfani a ƙarƙashin farantan kai tsaye maimakon tsakiyar hanyar da ke tsakanin layuka. A filin da ya kai kadada ɗaruruwa, sayen shimfiɗa da kula da ita na iya cinye ribar, shi ya sa galibin manyan tashoshi ke barin ƙasa yadda Allah ya yi ta.

A ƙaramin wuri lissafin ya bambanta. Mai rufin kankare da ya ɗaga farantansa a kan ƙarfe zai iya shafa farin fenti da kuɗi kaɗan, ya ci riba biyu, domin farin rufi na rage zafin ɗakin da ke ƙasa. A tsakar gida ko harabar asibiti, farar tsakuwa ta fi leda, tana barin ruwa ya nutse, tana danne ciyawa da ƙura, rana ba ta cinye ta, iska ba ta yaga ta. Amma a kula da launi: tsakuwar dutse mai ruwan toka da ake zuba wa kankare ba ta fi ƙasar da ta rufe wani abin kirki ba.

Abokin hamayyar duk wani fari a yankinmu shi ne hazon hunturu. Kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Daga Nuwamba zuwa Maris tana sauka a kan komai. Farin daɓen da ba a sharewa, a hankali launin ƙurar zai ɗauka, ya koma maido abin da ƙura ke maidowa. Wanda zai yi fenti ya sa tsintsiya da sabon shafi a cikin kasafinsa, in ba haka ba kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Abin daɗin shi ne bayan faranti, da yake ƙasa yake kallo, ba ya tara ƙura kamar gaba, kuma hazo na warwatsa haske ya rage kaifin inuwa, don haka a irin waɗannan ranaku rabon da baya ke bayarwa kan ɗan ƙaru.

Rufin kwano, gona da shinge

Mafi yawan solar gidajenmu a kan kwano ake kwantar da ita, tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. A nan, ko kwanon sabo ne yana ƙyalli, yana cikin inuwa, ƙarin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Ba laifi a sayi mai fuska biyu in farashinsa ɗaya da ɗan'uwansa, gilashi biyu na jure danshi da zafi, ko da yake ya fi nauyi, sai a duba katakon rufi. Amma biyan ƙarin kuɗi saboda bayan da ba zai ga haske ba asara ce.

Manomin rani ya fi dacewa. Dama can yakan ɗaga farantan famfonsa saboda awaki da yara, farantan kaɗan ne, fili kuma a buɗe. Abin da ya rage masa shi ne zaɓen wuri: jigawa mai rairayi ta fi bakin kwalbatin da kullum ke jiƙe da baƙar laka. Haka rumfar ajiye motoci, da ta kasuwa, da ta harabar masallaci, duk suna da tsayin da ake nema. Tsayin na da wata fa'ida kuma: iska na ratsawa ta sanyaya farantin, shi kuwa yana rasa kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25.

Akwai kuma tsarin tsayar da faranti cak kamar katanga, fuska ɗaya gabas ɗaya yamma. A Donaueschingen ta Jamus kamfanin Next2Sun ya kafa tashar wajen megawat 4 a haka, ana noma a tsakanin layuka. Irin wannan faranti na ba da wuta da hantsi da la'asar, ya yi rauni da tsakar rana, ƙura ba ta zama a jikinsa sosai, kuma da yake kowace fuska rabin abin da take gani ƙasa ne, launin ƙasa ya fi tasiri a kansa. Binciken Purdue ya nuna cewa a wuraren da ba su kai digiri 30 ba, in ƙasa na maido kashi 50, tsayayyen faranti na iya fin karkataccen da ke dab da ƙasa da kashi 15. Sharaɗin kashi 50 ɗin ne abin lura, domin ko rairayin hamada ba kasafai yake kaiwa haka ba.

Ƙarin wutar ma sai an shirya masa. Hasken baya amfiya yake ƙarawa, boltej ba ya motsawa sosai, don haka waya da fis da kwantirola su kasance da sarari. Kuma in batir na cika tun kafin azahar, duk abin da baya ya ƙaro daga nan bai da wurin zuwa.

A auna kafin a kashe kuɗi

Mai haɗa sola na iya raba gardama cikin minti biyar. Ya cire faranti ɗaya daga layi, ya auna amfiyarsa da rana tsaka, ya rufe bayan da baƙin kwali ya sake aunawa. Bambancin shi ne ainihin abin da wannan ƙasa, a wannan tsayi, take bayarwa. Ya shimfiɗa fararen buhuna a ƙarƙashi ya auna karo na uku, zai san ko fenti zai biya.

Abin da ƙaramin ma'aikaci zai yi da na'urar awo ɗaya, cibiyoyin bincike za su iya yi wa yanki gaba ɗaya. Sakkwato na da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Nijar kuma na da gadon Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya jagoranci hukumar ONERSOL ta makamashin rana. Jadawalin da zai nuna abin da jigawa, da fadama, da jar ƙasa, da daɓen siminti ke maidowa wata bayan wata, da rani da damina da hunturu, aiki ne mai arha da zai amfani duk mai tsara famfo ko ƙaramar tashar ƙauye. Kafin a samu hakan, ƙa'idar a bayyane take: a fara da tsayi da sarari, a bar bayan faranti ba abin da ya tare shi, a zaɓi busasshiyar ƙasa mai haske in da hali, a sa ran ƙarin kashi 5 zuwa 15, sannan a yi maganar fenti in awo ya nuna zai biya.